Fijon Malam Ta Koma Shan Dizal

Ni dai na ce wa Kaka Safara'u ta zauna a gida, amma wa ya isa ya hana tsohuwar nan abin da ta sa a gaba? Fijon marigayi kakanmu ta yi shekara da shekaru a fake a gidanmu na Dutse Alhaji, har kaji suna ƙwai a cikinta. Kawunnanmu suka ce shago za a gina a wurin, ko motar ta tashi da ƙafarta, ko 'yan gwangwan su zo su yayyanka ta. Shi ne yayana Uthman, mai sunan kakan namu, ya ja ta zuwa garejin ogansa Thaddeus. Da Kaka ta ji wai injin tifa ya ɗora mata, ko kallabi ba ta ɗaura daidai ba ta ce in taro mana keke.

"Lafiya lau, amarya," in ji Uthman da muka isa garejin, yana goge hannu da tsumma. "Ya hanya? Mai keken bai caje ki kuɗin kaya ba?"

"Kayan gidanku! Miji ne wannan ko gawayi? Dube shi don Allah, sai haƙora."

"A hakan kika gani kika nace. Zo ki ga aiki."

Ya ɗaga bonet. Wallahi ni ma sai da na ja da baya. Ƙaton inji ne ya cika wurin taf, har an yanke ƙarfen gefe don ya samu shiga.

"Innalillahi! Mai sunan Malam, me ka cusa wa baiwar Allah?"

"Lafiya na cusa mata. Yanzu ko dutsen Bwari kika ɗaura mata sai ta ja shi."

"Malam ya ɗauko ni daga Zariya a motar nan lokacin garin nan duk daji ne. Ni da tukwanena da uwarka a goye, ba ta taɓa yi mana tari ba. Kai ka mayar da ita motar yashi."

"To ai ya dace. Da amarya take ɗauka, yanzu kuwa tsohon gini za ta ɗauka."

"Ni ce tsohon gini? Ranar da na shiga motar nan da lalle a ƙafa, masu sayar da rake sai da suka bar rakensu suna kallo."

"Tsoro suka ji."

Ta kai masa duka da carbi, ya goce. Ya shiga ya haɗa wasu wayoyi biyu, don tun da aka jawo motar Kaka ta hana makulli. Ƙasa ta ɗau rawa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe garejin, wata akuya ta tsinke igiya ta yi waje. Oga Thaddeus ya leƙo daga ƙarƙashin wata bas yana dariya.

"Mama, wannan mota yanzu ya fi jirgi ƙarfi!"

Kaka ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga hannu aka kashe injin.

"Ba muryarta ba ce," ta ce. "Da tun daga kwanar masallaci nake jin ta, in sauke tuwo kafin ya yi sallama. Ina injin Malam?"

"Wane? Wancan mataccen? Na sayar wa 'yan gwangwan, na ci tsire a kasuwar Gudu."

"Kada ka yi min wasa da wannan."

"Har da yaji. Na so in rage miki, na tuna ba haƙora."

"Injin da Malam yake wankewa da kananzir duk Juma'a kafin shi ya yi wanka? Rigunansa an rabar, carbinsa kawunka ya ɗauka. Abin da hannunsa ya taɓa ya rage min ke nan, shi ka sa a kan sikeli?"

Ni kam haushi ya kama ni, na harari Uthman, don wasan ya wuce wuri. Shi kuwa ko a jikinsa.

"Amarya, wata matsala ce ta taso. Sabon injin nan ya yi wa gaba nauyi, baya yana ɗagawa. Oga ya ce sai an sa abu mai nauyi a but. Na ce ina da mata, in an ba ta fura tana kaiwa buhu biyu."

"Allah ya shirye ka. Rabi'atu, mu tafi."

"Tsaya ki ga wanda ya ƙwace miki aikin."

Ya buɗe but. Ga injin Malam a zaune, an ɗaure shi da kusoshi a kan katako, an wanke shi fes, warin kananzir yana tashi. Har ƙyallen atamfar da Malam ya naɗe wata tiyo da shi yana nan, ya koɗe.

Kaka ta sa yatsa ta taɓa ƙyallen.

"Zanena ne wannan. Na neme shi har na gaji, ya rantse bai gani ba." Ta yi dariya, hawaye yana zuba. "Ɗan banza! Kai da mai sunanka duk halinku ɗaya."

"Ya yi ritaya ne, kamar ke. Ku zauna a baya, yaro ya ja ku."

Ta kwance bakin zaninta, ta ciro makullin motar mai tsohuwar fatar nan, ta danƙa masa a hannu.

"Ungo, ka ci. Amma in ka wuce gudun Malam, sai ka ba ni takardata."

Ta buɗe ƙofar baya ta shiga, ta gyara zama. Sannan ta waiwaya, ta dafa kujera ta wajen but.

"To Malam," ta ce, "mu je gida."