Ordinatar Cikin Buhun Dusa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na jiƙa ordinatar, wato kwamfuta, da hannuna a gidan mutumin da na so ya zama surukina.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ne na dawo Filinge daga Yamai da takardar koyon gyaran ordinatar ta 'yan watanni. Ni na laƙaba wa kaina "injiniya". (Babu wanda ya musa, don babu wanda ya damu.) A lokacin ina neman auren Hadiza, 'yar Alhaji Ɗanlami dillalin dabbobi. Abokin takarata wani ɗan duwan ne, ma'aikacin kwastan, mai mota. Ni kuwa daga baki sai takarda.

Alhaji ya dawo daga Makka da bidiyon aikin hajjinsa, aka zuba masa a tsohuwar ordinatar ɗin shagonsa, ya gayyaci dangi daga Tabla da Bonkuku su zo kallo ranar kasuwa. Sai dai bidiyon sarƙewa yake yi. In Alhaji ya ɗaga ƙafa a Arfa, sai ka shanye shayinka bai sauke ta ba.

Ya sa aka kira ni. "Ɗana, an ce ka yi karatun wanga abu. Kana iya sa ta yi sauri?"

"Baba, ai ƙaramin aiki ne," na ce. "Sai kun roƙe ta ta dakata."

Na shiga biyos, wurin da ake saita cikin na'urar. Malaminmu na Yamai ya sha faɗa mana a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ana gwadawa. To, amma Hadiza ta kawo min ruwa ta tsaya a bayana tana kallo, wa zai yi kaɗan-kaɗan? Na ɗaga gudun furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar ke nan, har inda ya tsaya. Na ƙara masa ƙarfin wuta. Na matse lambobin memuwar, ma'adanar bayanan na'urar, waɗanda (tsakanina da ku) har yau ban gama gane su ba.

Wallahi ta yi gudu! Alhaji ya riƙa takawa a bidiyo kamar saurayi, ya fita yana gaya wa maƙwabta ya samu yaro mai kai. Yana juya baya fankar ciki ta fara ruri kamar injin niƙa, akwatin ya ɗau zafi, ga bazara, sai ɗif, ta mutu. Na kunna, ta sake mutuwa.

Mai hankali zai mayar da komai yadda ya same shi. Amma ni an riga an yabe ni. Sai na tuna yadda muke naɗe jarka da jiƙaƙƙen buhu ruwa ya yi sanyi. Na zaga garke na ɗauko buhun da aka juye dusa, na tsoma shi a ruwa, na naɗe akwatin tsaf, har ramukan shan iskarsa na toshe.

Ranar kasuwa bayan la'asar tsakar gida ta cika. Ɗan duwan na kan kujera, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ni kuma ina tsaye gefen tebur cikin sabuwar shadda, riƙe da buta, ina yayyafi. Gwaggon Alhaji, wata tsohuwa daga Tabla, ta ƙura wa akwatin ido ta ce, "Iskoki gare shi ne anka lulluɓe shi?"

"A'a Inna, sabuwar dabara ce daga Yamai."

Abin da ban lissafa ba shi ne, jiƙaƙƙiyar dusa in ta ji ɗumi ƙamshi take yi. Kuma haka ake dama wa ragon kiwon Alhaji ita kullum. Muna daidai wurin jifan shaiɗan a bidiyon sai ga shi ya tsinke igiya, ya ratsa tabarmin mata, ya cafki buhun ya fizga. Akwatin ya faɗo tim! Waya ta sarƙe a ƙahonsa, ya razana, ya zuba da gudu yana jan ordinatar a ƙasa. Na bi shi ina ihu, "Ku tare! Hajjin Baba ne a ciki!" Har yanzu butar na hannuna. Santsin ruwan da na zubar ya kwashe ni, na zube a gaban ɗan duwan. Shi ya ɗaga ni, har da kakkaɓe min riga. Da ma mari ya yi min.

Bidiyon bai sake buɗewa ba, kuma babu wani kwafinsa. Alhaji bai yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Da magabatana suka je masa daga baya, cewa ya yi, "Yaron kirki ne. Amma wanda ya iske abu shina tahiya tai lahiya, ya tilasta mai gudu har ya kashe shi don a yaba mai, ba ni ba shi ɗiyata."

Hadiza ta tare a gidan ɗan duwan bayan kaka. Na je ɗaurin auren, na ci goro, na dawo ɗaki na yi kuka mai isata.

Yau gyaran ordinatar ne sana'ata, kuma na iya. Amma duk wanda ya ce in ƙara wa tasa gudu, sai in fara tambayarsa: saurin yake buƙata, ko akwai wadda ke tsaye a bayansa tana kallo?