Yadda Ake Gyara Makunnin Murhun Gas Kafin Matar Gida Ta Dawo Daga Zariya

Bari in fara da amsa laifina. Shekarata goma sha tara da aure, amma da za a tsare ni a tambaye ni inda ake ajiye gishiri a kicin ɗin gidana, sai dai in nemi a ba ni kwana biyu. Wannan bai hana mutanen layinmu a Unguwar Dosa kirana Injiniya ba, saboda akwai injiniyoyi a ma'aikatarmu, ni nake riƙe musu fayil. Ban taɓa cewa a daina ba.

To ɗan'uwa, idan matarka ta tafi biki Zariya, ka murɗa murhun gas za ka dafa ruwan shayi, ya yi ƙyas-ƙyas ya ƙi kamawa, kwantar da hankalinka ka bi ni. Na ba ka tabbacin kafin ta dawo da la'asar, murhun nan ba zai kasance yadda ka same shi ba.

Mataki na 1: Ci gaba da murɗawa

Sau arba'in aƙalla. Masana sun tabbatar na'ura tana jin kunyar mai naci. Idan ka fara jin warin gas, rufe kan tukunyar gas ɗin, buɗe taga, ka fita tsakar gida kamar mai shan iska. Wannan kaɗai nake roƙon ka ɗauka da gaske a duk rubutun nan.

Mataki na 2: Girgiza tukunyar

Ɗaga ta, girgiza, kara kunne. Ba abin da za ka gane, amma ka gyaɗa kai ka ce, "Akwai gas." Faɗa da ƙarfi ko da kai kaɗai ne a gidan.

Mataki na 3: Kada ka kira mai gyara

Akwai Nuraddeen a Badarawa, ya iya aikinsa, amma bai iya riƙe bakinsa ba. Kana kiransa, kafin magariba masallacin layi ya ji cewa Injiniya ya nemi injiniya. Gara ka je aron sukundireba wajen maƙwabci. Ni wanda na samu shi ne Malam Yusha'u, ɗan fansho, ba shi da wurin zuwa.

"Injiniya guda ba shi da sukundireba?"

"Nawa na ofis."

"Allah sarki. Mu je in riƙe maka tocila."

Kada ka yarda ya biyo ka. Ni ya biyo ni, har da kujerarsa.

Mataki na 4: Kwance komai

A gefen kan murhun akwai wani ɗan farin tsinke, shi ke fitar da tartsatsi. Goge shi da buroshin haƙori, wanda ba naka ba. Tsokale ƙananan ramukan da allura. Idan bai kama ba, kada ka tsaya, mai ilimi ba ya tsayawa a sama-sama. Cire kawunan huɗu, cire abin murɗawa, kwance murfin baya, ka tara notuna a kwanon sha. A nan ne za ka tuna cewa murhun Hajiyarta ce ta saya mata, kuma in ta bugo waya takan tambayi lafiyarsa kafin taka.

Malam Yusha'u ya leƙa ciki ya ce, "Wannan jar wayar daga ina ta fito?"

"Ta wucin gadi ce."

"A nan ka ga ta wucin gadi? Ikon Allah. Boko daɗi."

Mataki na 5: Amsa waya da fara'a

Matarka za ta kira. Tawa, Maimuna, ta kira ina zaune dirshan a ƙasa da murfin baya a cinya.

"Abban Nafisat, mun wuce Jaji. Ka ci abinci kuwa?"

"Har da ƙari."

"Wane ne ke tari kusa da kai?"

"Rediyo ne."

Daga Jaji zuwa ƙofar gidanka, in direban mai tsoron Allah ne, kana da minti arba'in. Nata ba ya tsoron kowa.

Mataki na 6: Mayar da komai

Yanzu za ka gano cewa kamfani ya sa notuna fiye da ƙima. Duk wanda ya ƙi shiga, zuba shi a aljihu. Idan ƙaramin kai ya ƙi zama a babban gurbi, danna shi. Idan ka waiwaya ba ka ga maƙwabcinka ba, kada ka yi mamaki, an kira sallar da shi kaɗai ya ji.

Mataki na 7: Tarbe ta a tsaye

Maimuna ta yi sallama, ta ajiye jakar cincin da dubulan, ta tsaya a ƙofar kicin. Ta daɗe tana kallo.

"Abban Nafisat, me murhuna ya yi maka?"

"Makunnin ne ya samu matsala. Na kusa gano ta."

"Sannu, Injiniya. Juye aljihunka."

Na juye. Ko mayafi ba ta cire ba, ta tsuguna ta mayar da kawunan, ta ɗaure murfin, ta ce min duk Asabar sai ta sauke su ta wanke. Sannan ta buɗe gas, ta miƙa hannu bayan gwangwanin gishiri, ta ɗauko ashana ta ƙyasta. Wuta ta kama shuɗiya shar.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa gira, ko abincin rana, ko girmansa a layi, shi ya jiyo. Ba ni na aike shi ba, kuma in an tambaye ni zan ce ban san shi ba. Mai ƙorafi ya rubuto ofis, ni ke riƙe fayil.

Makunnin kuwa ya mutu tun shekarar da aka haifi autarmu. Yanzu tana aji huɗu a firamare.