Kazar Uwani Mai Gashin Zabo

"Lafiya lau, sai zafi. Ya matarka Hauwa da yara?" in ji Uwani.

"Duk ƙalau, ranki ya daɗe. Amma ni ba gaisuwa ce ta kawo ni ba. Bawa ne ya zo karɓar shararsa."

Uwani ta dake ta ja tsaki. Duk faɗin Kano a rasa wanda zai yi mata sallama yau sai Mu'azu, ɗan ƙanwar babanta, taubashinta tun suna tallan gyaɗa a Garko. Ita 'yar namiji ce, shi ɗan mace, don haka a al'ada shi ne bawa, ita ce uwargijiya. Duk watan cika-ciki sai ya taso daga Tarauni ya zo gidan hayarsu na Gyaɗi-Gyaɗi, ya karɓi ladan shara, ya ci mai kyau, ya zage ta tas ya tafi. Ga shi da baki kamar kwando. Abin da ya gani yau, uwarsa Goggo za ta ji a Garko, abin da Goggo ta ji kuwa Baba ya ji. Baba kuma in ya san 'yarsa na cikin babu, geron irin da ya ajiye zai kwaso ya kawo mata, ga damina a bakin ƙofa.

Shekarar kuwa ta zo da gardama. Saura 'yan makonni soja su miƙa mulki, rediyo sai alkawari yake zubawa, amma alkawari ba ya shiga tukunya. Sani mijinta direban tasi ne, kwanansa a layin mai ya fi kwanansa a gida. Abin da ya bari da safe, garin dawa da kuka da daddawa kaɗai ya iya saya. Matan gidan kuwa kowacce ta yanka abinta, don an ce wanda bai ƙoshi a daren nan ba, da yunwa zai ƙare shekara. Da Binta malamar asibiti, mai ɗakin kusa da nata, ta leƙo ta ce, "Maman Ladi, naki zakaran bai iso ba?" sai Uwani ta ji bakinta ya ce, "Yana hanya." To, shi ya sa da ta je kasuwar Tarauni sayen kuka, ta ratsa ta wajen masu figar kaji, ta waiga hagu ta waiga dama, ta dumbuzi gashi ta cusa a leda. Ta dawo ta barbaza a gindin murhunta, ta ƙona kaɗan don ƙauri ya tashi. Wallahi tun da ta yi abin nan ba ta iya haɗa ido da kowa ba.

"Shigo mana, bawan banza. Ka tsaya ka tare mini iska."

Mu'azu ya shigo ya zauna a kan turmi, yana juya tsinken sakace a bakinsa kamar wani babban ɗan kwangila.

"Ina babur ɗin acaɓar?" in ji Uwani. "Ban ji ƙararsa ba. Ko ka sayar ka ci tsire?"

"Hutu na ba shi. Ba ki ji mulkin farar hula ya zo ba? Kowa da 'yancinsa, har babur."

"Shi ya sa ƙafarka ta yi futu-futu kamar ta mai kwaɓa ƙasar gini."

"Likita ne ya ce in riƙa tafiyar ƙasa. Maiƙo ya yi mini yawa."

"Maiƙo? Kai da in iska ta taso sai an ɗaure ka a turke?"

"Ba ki ga tsinke ba? Tun azahar nake fama da naman da ya maƙale mini. Zakaru biyu Hauwa ta kayar. Ɗayan ma sai da muka kira mahauci, ya fi ƙarfin wuƙar gida."

"Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya."

"To ke me kika kayar? Tun daga bakin titi nake jin ƙauri."

"Kaza ce, in ka gan ta sai ka ce ɗan maraƙi. Mutum biyu suka danne ta."

"Ma sha Allahu. Buɗe tukunyar in gaishe ta."

"Yaushe bawa ya fara leƙa tukunyar gidan sarauta? Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza."

"Ai ni kazar nake nema, ki riƙe linzaminki. To, a ba ni ladan sharata in san na zo."

Nan fa ɗaya. Uwani ba ta da ko sisin da za ta miƙa masa, sai ta nemi hanyar ja masa rai.

"Shekara nawa kana karɓar ladan shara? Ko sau ɗaya ka taɓa riƙe tsintsiya a gidan nan? Bana dokar ta canza. Babu aiki, babu lada."

"Haka kika ce?"

"Haka na ce."

Kafin ta rufe baki ya miƙe ya ɗauki tsintsiyar da ke jingine a bango, ya nufi gindin murhu. Uwani ta so ƙasa ta tsage ta shige. Kaza mai tone-tone, ita ke tono wuƙar yanka ta, yau ta ga wannan magana da idonta.

Ya yi shara ɗaya, biyu, sai ya tsuguna ya ɗauki gashi guda yana dubawa.

"Ranki ya daɗe, kazar nan fara ce?"

"Fara tas."

"To wannan jan fa?"

"A wuyanta yake. Ado ne."

"Baƙin nan fa?"

"Jela."

"Allah mai iko. Wannan mai ɗigo-ɗigon kuma, ai na zabo ne."

"Kakarta ta wajen uwa zabuwa ce. Kai ma ba ga shi ka kwaso kunnuwan dangin babanka ba, wa ya yi maka gori?"

"Na yarda, gado ba a hana shi. Amma ga na agwagwa."

"Gida ɗaya suka tashi. Aron riga suke yi."

Mu'azu ya tuntsire da dariya har tsinken ya kusa faɗuwa. Ya ɗago kai zai ƙara wata, sai ya ga fuskarta, dariyar ta tsaya cak. An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, to Uwani ta naɗe iya naɗewa, haukan ya ƙare, tabarmar tana nan shimfiɗe. Ya miƙa hannu ga murfin tukunya, ba ta hana shi ba. Miyar kuka ce tsura, ko ɗigon mai babu a kanta, balle ƙashi. Ya mayar da murfin a hankali, yadda ko ƙara bai yi ba.

"Mu'azu," ta ce da ƙaramar murya, kuma rabon da ta kira shi da sunansa har ta manta. "Don Allah, don zumunci, kada Goggo ta ji. Ka san halin Baba. Irin shukarsa zai kwaso, ni kuma in zama 'yar da ta cinye wa ubanta damina."

Bai kai ga amsawa ba sai ga Binta ta ɗaga labule ta fito da kaskon suya a hannu, ƙanshi na bin ta.

"A'a, Mu'azu ne a gidan? An ba ka cinyar kuwa?"

Uwani ta sunkuyar da kai, ta riga ta sallama. Bakin da bai taɓa riƙe magana ba, yau zai fara?

"Malama Binta, wace cinya?" in ji Mu'azu da ƙarfi, yadda duk gidan zai ji. "Matar nan marowaciya ce tun tana goye. Wuya da ƙafa ta ba ni. Cinyoyin tana can ta ɓoye wa mijinta a ƙarƙashin gado. Ga shi har shara ta sa ni, ki zama shaida."

"Maganinka ke nan," in ji Binta tana dariya, ta wuce bakin famfo.

Idon Uwani ya kawo ruwa. Ta ce hayaƙi ne, shi kuma ya ce lallai itacen bana ɗanye ne. Ta shimfiɗa masa tabarma daga cikin ƙofar ɗaki, inda ba mai gani, ta zubo tuwo da miya ta ajiye masa.

"Ga shi. In ka raina, ka bar mini abina."

"Don kada ki ce na raina ne ma zan taɓa. Cikina a cike yake."

Ya zare tsinken ya saƙale a bayan kunne, ya yi bismilla. Loma ta farko bai ko tsaya ta huce ba. Ta biyu ta bi ta. Uwani tana tsaye tana kallon hannunsa yana kai-komo tsakanin kwano da baki. Ta girma a gidan manoma, ta san cin mai marmari, ta san cin wanda ya kwana bai ci ba.

"Sannu, mai maiƙo. Zakarun biyu ba su bar maka wuri ba, na gani."

"Tausayinki nake ji."

"Yaushe rabonka da abinci?"

Ya suɗe yatsa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Mai babur ya karɓe abinsa tun makon jiya. Ba mai, ba aiki. Jiya kunun da aka dama yara aka bar wa."

"Tsinken fa?"

"Daga tsintsiyar Hauwa na karyo shi."

Kunya ta rufe su su biyun, kowa ya kama kallon wani wuri. Ita tana jin nauyin ta ga tsiraicin gidansa, shi yana jin nauyin ya zo cin abin da ba shi da yawa.

"Goggonki ma kada ta ji," in ji shi.

"A bakin wa? Ai kai ne rediyon Garko."

"Rediyon ba batir."

Uwani ta koma bakin murhu. Ta ware na Sani, ta ware na 'yarta Ladi, sauran duka, har da nata rabon, ta juye a langa, ta kwarara miya, ta ɗaure da tsumma. Ta kawo ta dire a gabansa.

"Ga ladan shararka. Ka kai wa Hauwa, ka ce uwargijiyarku ta ce a ci a cika ciki."

Ya dubi langar, ya dubi tukunyar da ta kife. "Ke fa? An ce wanda bai ƙoshi yau ba..."

"Ni na ƙoshi da kaza."

 Ya miƙe, ya ɗauki langar, ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Ranki ya daɗe, ladan bai cika ba."

"Kai, bawan nan akwai haɗama. Me ya rage?"

Ya nuna tarin gashin da ya share da leɓe, ya rage murya.

"Gidanmu ma na haya ne. Mu ma muna da tamu Bintar."

Dariya ta ƙwace wa Uwani, ta toshe baki da gefen mayafi, tana yi hawaye na zuba. Ta tsuguna ta raba tarin biyu, ta ɗauko ledar da ta zo da shi daga kasuwa ta fara zuba masa. Ya miƙo hannu zai taya ta, ta buge hannun.

"Tsince na zabon da na agwagwar, sakarai. Fari zalla za ka zuba. Kada ka je ka ba da mu."

"Na sallama," in ji Mu'azu yana dariya ƙasa-ƙasa. "Ko a wannan ma kin fi ni."

Ya cusa ledar a aljihu, ya mayar da tsinkensa baki, ya rungumi langar da hannu biyu don kada miyar ta zube, ya kama hanyar Tarauni.