Ranar da Na Binne Ƙyallen Masu Awon Iska

Ba zan taɓa mantawa da daminar da mai ɗakina ta rasu ba, kuma ba don rasuwar kaɗai ba. Ciwon ƙirji ne ajalinta. Ta bar mini 'yarmu Saratu, wadda ita ma ko hayaƙin murhu ta shaƙa sai numfashinta ya riƙa yin fito.

A lokacin ne wani kamfani ya zo da maganar kafa injin ƙona shara a bayan ƙauyenmu, kan hanyar Wonaka. Sharar Gusau za a riƙa kawowa, har da ta asibitoci. Aka ce sai masu bincike sun auna iska tukuna, a ga inda hayaƙin zai nufa. An yi shela, ni dai ban ji ba. (A kwanakin rashin nan ko sallama aka yi mini sai an maimaita.)

Wata Juma'a bayan la'asar na je ziyara maƙabarta. Hadari ya haɗu, gari ya yi tsit, ko tsuntsu ba ya kuka. Ina cikin addu'a sai na hango wani dogon farin ƙyalle rataye a jikin sanda, daf da kabarin mai ɗakina. Ban ji iska a jikina ba, amma ƙyallen yana kumbura yana sacewa, kamar ƙirjinta a kwanakin ƙarshe. Na daɗe a tsaye ina kallonsa.

Mun taso muna jin labarin masu tone kabari su saci likkafani. Na ce a raina, an tono na wani bawan Allah ke nan, ko ma nata. Ban gaya wa kowa ba, don kada in ta da hankalin gari. Na kwance shi, na ninke, na haƙa rami a gindin shinge na binne. Har ruwa na yayyafa.

Bayan wasu makonni aka tara mu a ƙofar gidan maigari. Shugabar masu binciken, wata injiniya 'yar Tsafe, ta ce sun kafa ƙyallaye a kusurwoyin filin, don su kama ƙurar da ke cikin iska, su kuma nuna inda take kaɗawa.

"Sauran duk mun same su," in ji ta. "Na wajen maƙabarta ya ɓace, kuma shi ne tsakanin filin da gidajenku."

Wakilin kamfani ya ce, "Hajiya, ɗaya ne fa kawai. A sa hannu mu fara aiki."

"Alhaji, hayaƙin roba in ya shiga ƙirjin yaro ba ya jin a yi haƙuri. Abin da ban sani ba, ba ni cewa lafiya lau ne."

"To ai mutanen gari sunka sace shi don su hana aiki. In da gangan ne, ba mu jira."

Na dubi Saratu a cikin mata, tana tari a gefen mayafinta. Na ji ƙafafuna sun miƙe da kansu.

"Ba sata ba ce, ranka ya daɗe. Ni na binne shi."

Maigari ya ce, "Ka binne mi?"

"Ƙyallen. Na ɗauka likkafani ne."

Kowa ya juyo yana dubana. Can sai liman ya gyara murya, ya ce a hankali, "Malam, ka yi mishi salla?"

"Addu'a kawai, Allah gafarta."

Da sun yi dariya da na ji sauƙi. Amma saboda rashin da na yi kowa ya danne, sai kafaɗu ke rawa. Haka na shiga gaba, gari guda na biye da ni, na nuna wurin. Aka tono mamacin nawa, gara ta riga ta ci rabinsa.

Injiniyar ta ɗaga shi ta nuna wa wakilin kamfani. Ta ce tunda ba ganganci ba ne, za a sake awon daga farko, rani da damina, kuma ko ashana ba za a ƙyasta ba sai an san inda iskar ke zuwa. Har yau awon ake yi.

Sun rataye sabon ƙyalle a wurin. Duk Juma'a nakan tarar da shi yana numfashinsa, in yi masa sallama in wuce. Injiniyar ta ƙi ƙona abin da ba ta sani ba, ni kuwa na binne nawa. Yanzu kafin in ɗauki fartanya sai na yi tambaya.