Nomau da Babur ɗin Yaya Hashimu

A Tungar Marke akwai wani gida mai mutum uku: Inna Kulu mai tuyar ƙosai, da babban ɗanta Hashimu ɗan acaɓa, da ƙaninsa Nomau. Nomau ya kai munzalin aure har ya yi gemu, ga ƙarfi, ba ya ƙarya, ba ya ƙiwa. Abu ɗaya ne da shi: yadda magana ta fito daga bakinka haka take zama a kansa, ba ragi ba ƙari.

Da aka gama girbi sanyi ya sauko, sai acaɓa ta ja baya, don ba mai son hawa babur da sassafe. Hashimu ya sami aikin lodin albasa a kudu, ya bi mota a gurguje, ya bar babur ɗinsa a rumfar tsakar gida. Babur ɗin nan kuwa shi ne jarin gidan kaf. Da shi ake cefane, da shi ake kai Inna asibiti in ƙafarta ta motsa. Hashimu ya ce zai riƙa bugo waya yana faɗin yadda za a adana shi har ya dawo.

Wata rana ya bugo ya ce, "Nomau, ka wanke shi, ka shafa masa mai kada ya yi tsatsa." Nomau ya ce, "To, Yaya." Ya wanke shi tas. Ya shiga madafa ya ɗauko galan ɗin man gyaɗan Inna, ya mulke babur tun daga fitila har lamba, bai bar ko madubi ba. Kafin la'asar tururuwa ta yi masa baƙi, awaki sun kewaye shi suna lasar wurin zama. Inna ta zo ɗora kasko ta tarar da galan wayam. Ta ce, "Ɗan nan, ina man tuyata?" Ya ce, "Yana jikin babur, Inna. Dubi yadda ya yi kyau." Ranar Tungar Marke ba a ci ƙosai ba.

Wata rana kuma Hashimu ya ce, "Ka cire batir ka ajiye shi inda ke da ɗumi, sanyi yana kashe shi." Nomau ya ji an ambaci kisa, hankalinsa ya tashi. Ya zaga gida yana neman ɗumi, bai sami wurin da ya kai ƙarƙashin kazar Inna mai kwanci ba. Ya kwashe ƙwan ya jera a gefe, ya ɗora kaza a kan batir. Kaza ta sauka, ya mayar da ita. Ta sake sauka, ya zauna ya riƙe ta. A haka Inna ta same su, kaza na kuka, shi kuma yana ba ta haƙuri. Ta karɓe batir ta naɗe a tsohon zani ta tura ƙarƙashin gado.

Wata rana Hashimu ya ce, "Kada tayoyin su daɗe a ƙasa, ka ɗaga shi." Shi nufinsa a kafa babur a ƙafarsa ta tsakiya, a sa katako. Nomau ya nemo igiyar rijiya, ya jefa ta reshen darbejiyar ƙofar gida, ya ja babur har ya yi sama da katanga, ya ɗaure. Masu dawowa daga masallaci suka tsaya suna kallon babur yana lilo. Maƙwabcinsu Baba Sanda ya ce, "Nomau, me ya kai shi sama?" Ya ce, "Ni na kai shi, Baba." Sai da majiya ƙarfi suka taru aka sauke shi a hankali, Inna na tsaye hannu a ka tana salati.

Wata rana Hashimu ya ce, "Ka riƙa tayar da shi lokaci-lokaci, kada ya yi nauyi." Tun daga ranar, gari na wayewa Nomau zai je rumfa ya ƙwanƙwasa tanki ya ce, "Tashi, rana ta fito." Da abin ya ishe shi ya buga wa Hashimu waya ya ce, "Yaya, babur ɗin nan barcinsa ya yi yawa." Hashimu ya ce a kai wa Baba Sanda wayar. Baba Sanda ya zo ya mayar da batir, ya murɗa makulli, ya sa ƙafa ya buga, inji ya kama ruri. Nomau ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe sai an shure shi." Washegari Inna ta aike shi ya tayar da ƙaninta da ya kwana a zaure, sai ta biyo shi da sauri tana cewa, "Da baki, Nomau! Da baki!"

Wata rana, ana sauran 'yan kwanaki Hashimu ya dawo, Inna ta tafi gidan suna. Wani mutum ya yi sallama, fari, da shadda mai sheƙi, yana ta murmushi. Ya ce, "Kai ne Nomau? Tare muke aiki da yayanka. Ya ce in zo in ɗauki babur ɗinsa in kai a duba." Nomau ya yi masa maraba, ya turo babur ƙofar gida, ya koma ciki. Mutumin yana jiran makulli, sai ga Nomau da gammo.

"Na mene ne wannan?"

"Na kanka ne. Ai ya ce ka ɗauka."

"Haba, makulli za ka ba ni in hau."

"Bai ce ka hau ba. Durƙusa in aza maka."

Mutumin ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kama kan babur zai tura. Nomau ya riƙe shi ta baya da hannu ɗaya, ya ce, "Bai ce ka tura ba." Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ku zo ku taya baƙon Yaya, ya kasa ɗaukar kayansa!" Mutane suka fito. A cikinsu akwai wani mai sayar da goro daga ƙauyen gaba, ya dubi baƙon da kyau ya ce, "Kai! Wannan ne ya tafi da babur ɗin surukina, ya ce aiko shi aka yi!" Baƙo ya juya zai gudu, ya ji Nomau ya cafke masa riga yana cewa, "Ka manta kayanka." A haka aka kai shi gaban mai gari.

Da Hashimu ya dawo ya ji labari, ya daɗe a rumfa yana shafa tankin babur ɗinsa, har yanzu da ɗan warin man gyaɗa. Ya ce, "Nomau, Allah ya yi maka albarka." Nomau ya ce, "Amin, Yaya. Amma nan gaba in za ka aiko a ɗauki babur, ka aiko mai ƙarfin wuya."