Faifan Shekara Dubu

Lokacin muna ƙarƙashin jihar Sakkwato, ni ne masanin kwamfuta a ofishinmu na Birnin Kebbi, kuma ban bar kowa ya manta da haka ba. Sai ga wani ɗan kasuwa da faifan kwamfuta a aljihu, yana rantsuwa wai duk takardar da aka kulle da shi, ko sojan Amurka sai sun shekara dubu suna fama. Ban tambaye shi komai ba, don kada a ce ban gane ba. Na sa aka saya, na kulle sunayen ma'aikatan da za a yi wa canjin wurin aiki, na tafi Azahar ina taƙama.

Ashe suna kawai faifan yake sauya wa takarda. Hajiya Kulu, mai buga mana takardu, tana neman wata wasiƙa a kwamfutar sai ta buɗe takardar, ta ga an tura mijinta can garin Augie.

Ina dawowa ta tare ni a ƙofa. "Malam, shekara dubun ta cika tun kana alwala. Mi Alhaji ya yi maka?"

Na yi ritaya, na gaji da bayani. Har yau in na tsuguna da buta a masallaci, sai wani ya ce, "Shekara Dubu, yi sauri kada ta cika."