Nomau da Ƙyauren Lambu

A Unguwar Tsamiya an yi wani Nomau, ƙato har da gemu, daga shi sai uwarsa Inna Ladingo. Ba ya ƙarya, ba ya ƙiwa, amma abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Da lambun alayyafo suke ci, awakin gari kuwa sun mai da shi nasu. Sai ƙanen Inna, Kawu Sallau mai walda, ya kawo ƙyaure biyu na wani irin ƙarfe, ya ce a adana kafin ya dawo ya kafa su a ƙofar lambun, in sun lalace ba shi da wasu. Inna ta naɗe ɗaya da buhuna ta tura bayan randa, ta ce Nomau ya kula da ɗayan kamar yadda yake kula da jaki.

Wata rana aka gan shi a fadama ya ɗaure ƙyaure da igiya, ya tara masa ciyawa. Da yamma ya shaida wa Inna ko loma ɗaya bai ci ba.

Wata rana tsatsa ta fito jawur. Inna ta ce ya yi masa wankin tukunya. Ya dirje shi da toka, ya kai inda ake kife tukwane ya kife a kansu. Uku suka fashe.

Wata rana ta ce ya shafa masa mai. Ya juye man shanunta kaf. Yana tafe da shi a ka, karnuka na biye, ta tare shi a fili.

"Sauke shi nan. Kada ka ƙara taɓa shi."

Ya jingine shi da dutse. Don fushi Inna ba ta sake zancen ba. Maƙwabta suka yi ta cewa ya shigar da shi ɗaki, ya ce an hana shi.

Sai bayan damina biyu Kawu ya dawo. Aka warware buhuna, aka tarar damshin randa ya cinye na Inna, har ya huje. Na fili kuwa ya yi duhu kamar daddawa. Kawu ya karce shi da ƙusa, ko gezau.

"Yaya, wannan ƙarfen tsatsarsa ce rigarsa. Ruwa ya jiƙa, rana ta busar, sai tsatsar ta kama jikinsa ta toshe. Wanda bai sami bushewa ba shi ke ruɓewa."

Ya rage faɗin ƙofar lambun, ya kafa guda ɗayan, awaki suka koma bola. Har yau Inna ce ke buɗewa da rufewa, don Nomau ya ce an hana shi taɓawa, ita kuwa ba ta janye magana.